Sojan da Na Zaunar a Kan Buhu

Shekarar da fari ya koro dangin Baba daga ƙasar Tawa, mu goma sha huɗu ne a gidanmu na unguwar Gaweye, kuma keken ɗinki ɗaya ke ciyar da mu. Baba tela ne. Mutane sun daina ɗinka riga, aikin da ya rage masa shi ne kakin da wani sarjan ke kawowa tun da soja suka karɓi mulki.

Ni kuwa abin da ya sha mini kai sojojina na roba ne, guda bakwai, da na tara ta hanyar musaya a lakwal, wato makaranta. Duk launinsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, abin ya riƙa ba ni haushi. Sai na shiga tsintar ƙyallayen kaki a ƙarƙashin keke ina yi musu tufafi. Baba da kansa ya koya mini ɗinkin hular da ba ta kai kan yatsa ba.

Ina raka Gwaggo, ƙanwar Baba, wurin rabon hatsin taimako. A can nake ganin wani soja zaune a kan buhuna don kada mutane su afka musu, yana burge ni ƙwarai. Na ɗauki babban sojana, na kara ƙafafunsa kusa da garwashi har suka lanƙwashe, na cusa masa auduga a riga don ya yi kwarjini, na yi masa galo, alamar muƙami, da zare ruwan ɗorawa. Na ɗinka ɗan buhu, na cika da rairayi, na kwaikwayi rubutun da ke jikin buhunan. Da na zaunar da shi a kai, sai na ajiye shi a tagar shago don kowa ya gani.

Sarjan ne ya fara gani. Ya ɗauka yana jujjuyawa.

"Tela, wa ya yi wannan?"

Ni da rawar kai, kafin Baba ya buɗe baki na ce, "Ni ne, shef."

"Soja da tumbi a kan hatsin talakawa. Wa ya ce maka muna cin hatsi?"

A lokacin, zargin cin hatsin taimako yana kai mutum kurkuku, mai yin zargin ma bai tsira ba. Baba ya miƙe. "Ranka ya daɗe, wasan yara ne. Wallahi ba a irin wannan magana a gidana."

Sarjan ya sa sojana a aljihu, ya ce a tattara masa yadinsa, wanda aka ɗinka da wanda ba a taɓa ba.

Baba bai doke ni ba, har yau ina cewa da ma ya doke ni. Kullum yana buɗe shago ya zauna gaban keke, duk motar da ta tsaya sai ya ɗago kai. Ba wanda ya zo kama shi, ba kuma wanda ya sake kawo kaki. Tuwo ya koma kunu, kunun ma sau ɗaya a yini.

Bayan wata guda Gwaggo ta ce za ta koma sansanin ƴan gudun yunwa da ke bayan gari da ƴaƴanta, a can aƙalla ana rabo. Baba bai hana ta ba. Ni na ɗaukar mata ƙullin kayanta har bakin titi, tana goye da autarta. Yarinyar ba ta kai damina ba.