Yadda Irmiya Ya Rasa Sunan Injiniya

Irmiya mai gyaran rediyo maƙwabcina ne a Runjin Sambo, kuma abu ɗaya yake so a duniya: a kira shi Injiniya. Ranar Lahadi shi ke kaɗa ganga a coci, sauran kwanaki yana cikin waya da dalma.

A zamanin soja, da kuɗin mai ya tumbatsa, Alhaji Tambari ɗan kwangila ya yo odar ƙofar ƙarfe mai buɗe kanta da rimot. Aka rasa mai haɗawa sai Irmiya. Cikin rimot ɗin akwai 'yan makunnai takwas, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kowanne ana tura shi sama ko ƙasa. Yadda ka jera su a rimot, haka za ka jera na jikin ƙofa, sai ta ji kiran nata kaɗai. Irmiya ba ya yarda da takarda, sai ya jera su bisa kiɗan gangarsa: sama, sama, ƙasa, sama. Ƙofa ta buɗe, Alhaji ya ce, "Sannu Injiniya." Mako guda Irmiya bai taka ƙasa ba don murna.

Maƙwabta uku suka ce su ma ba a bar su a baya ba. Irmiya ya haɗa musu, kuma kiɗa ɗaya hannunsa ya sani.

Ana jajiberin babbar Sallah, Alhaji Tambari ya tara baƙi daga Wamakko a ƙofar gida don su ga ikon Allah. Ya ɗaga rimot, ya danna. Ƙofa huɗu suka wangale tare, ragunan layya na gida huɗu suka yo waje. Alhazai suka tattare babbar riga suka bi su. Ni dai dariya ta zaunar da ni a bakin kwata.

Aka ɗauko Irmiya. Alhaji yana haki ya ce, "Kai wanga, mi kay yi muna?"

"Ranka ya daɗe, ganga ce."

Da tsinken tsintsiya ya sauya jerin kowane gida, kafin a kamo ragon ƙarshe ya gama. Gyaran ya yi kyau, ƙofofin ba su sake rikicewa ba. Amma daga ranar unguwa ta sa masa Buɗe-Duka.

Shekara talatin yana gyara mana sunan, wai Injiniya ne, muna dariya. Da ya rasu muka je gaisuwa, matarsa Dorcas ta nuna mini allon da ya sa aka rubuta masa "Injiniya Irmiya". Yana bayan gado, bai taɓa kafa shi ba. Kunya ta kama ni, don ni na raɗa masa wancan sunan.