Ranar da Hular Yaya Nomau Ta Faɗi

Shekara biyar ke nan da muka kai yayana Nomau makwancinsa a Dumega. Allah ya jiƙansa. Na so in rubuta wani abu mai nauyi a kansa, amma duk lokacin da na zauna, abin da ke fara zuwa mini shi ne hularsa tana gangarawa a tsakar gida. Don haka da ita zan fara.

Yaya Nomau manomin gero ne, marar yawan magana. Bai taɓa shiga lakkol, wato makarantar boko, ba. 'Yarsa Balki kuwa ta yi karatun tarihi a Yamai, har aka ba ta gurbin karatun mastar a Koriya, kan harshen mutanen can da tarihinsu da al'adunsu. Da labarin ya zo, Yaya ya tambaya ko Koriya ta wuce Makka. Aka ce ta wuce sosai. Ya ce, "To, su ma suna da tarihi ke nan," ya ɗauki hauyarsa.

Balki ta dawo gida da damina tana jiran ranar tafiya. Da hantsi takan zaga bayan rumbu, ta sa abin sauraren talho, wato wayar hannu, a kunne ƙarƙashin mayafi, tana maimaita darasi. Sai ta yi magana, ta yi shiru, ta sunkuya, ta sake magana. A haka babbar yayarmu, wadda duk gida ke kira Gwaggo Kulu, ta same ta: yarinya ita kaɗai tana rusuna wa rumbu, tana wani yare da ba Zabarmanci ba, ba Fulatanci ba.

Gwaggo ta yi bori a ƙuruciyarta. Ta bari tuntuni, amma sanin bai bar ta ba. Ta kira ni gefe ta ce, "Illa, ɗiyar ga an hau ta. Ba doguwa ba ce. Ba iskokin Babule ba ne kuma, su Faransanci suke yi. Wagga baƙuwa ce."

Balki ta yi bayani. Gwaggo ta ce duk wanda iska ta kama haka yake cewa. Balki ta nuna talho, ta kunna muryar malamar. Gwaggo ta ja da baya, ta ce iskar da ke zama cikin tsamiya, me zai hana ta zama cikin talho?

Kafin mako ya zagayo dangi sun rabu biyu. Wasu suka ce a kira masu goge a yi girka, wasu suka ce a kira malam ya yi mata karatu. Abu ɗaya suka haɗu a kai: ba za a bar yarinya ta ƙetare teku da iska a kanta ba, sai bayan an yanke gero. Jirgi kuwa ba ya jiran gero. In ta rasa ranar, ta rasa gurbin. Na ga Balki tana kuka a gindin rumbun nan, Gwaggo kuma ta ce wannan ma alama ce.

Yaya dai ya sa ranar taron dangi, sannan ya riƙa tafiya gona da Balki, wai tana taya shi noma. Na yi mamaki, don ciyawa ba ta ragu ba.

Ranar taro muna zaune kan tabarmi, sai ga shi ya shigo. Ya tsaya gaban Gwaggo, ya manna hannuwa a cinya, ya sunkuya har hularsa ta faɗi ta gangara wajen kaji. Ya ce da ƙarfi, "Anyong haseyo!" Wato gaisuwar mutanen Koriya. Matarsa ta saki ludayi. Ya ɗago ya ce, "To Yaya Kulu, ta kama ni nima. Ku fara da ni. In na warke sai a yi wa ɗiyar."

Gwaggo ta ƙura masa ido. "Nomau, wace iska ce ta rasa doki har za ta hau ka?"

Aka miƙo masa ruwa. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya masa, ya buɗe baki zai yi godiya, sai kalmar ta tsaya masa a maƙogwaro. "Kamsa… kamsa…" Daga bayan zana Balki ta kasa daurewa, ta ce, "Hamnida, Baba." Ya ce, "Yawwa, hamnida." Ta ce bai faɗa daidai ba. Ya sake. Ta sake gyara masa.

Gwaggo ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ta ce, "Ku tashi. Na yi shekaru cikin iskoki, ban taɓa ganin wadda ta manta maganarta ba, balle wadda yarinya ke yi wa gyara tana cewa yawwa. Wannan karatu ne." Abin da bayani ya kasa, sanin Gwaggo da kansa ya yanke. Balki ta hau mota a Dogon Dutsi a ranar da aka sa mata.

Yaya bai ga dawowarta ba. Tana tsakiyar karatun ciwon ya kwantar da shi, ya kuma hana a kira ta. Yanzu ta gama mastar, tana karatun dakta. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da ya ɗanɗana kabejin da take jiƙawa da barkono har ya yi tsami, na san zai ce a Dogon Dutsi irin wannan awaki ake zuba wa. Da ya ga samarin Tibiri, garin da ke kusa da mu, suna kallon fina-finan Koriya a talho, har suna gyara aski irin nasu, zai ce ashe iskar ta gama gari. Da ya ga ni, Illa, da furfurata ina zaune a ajin yaƙi da jahilci, zai yi dariya. Amma shi ya tura ni. Mutumin da ya lanƙwasa harshensa da bayansa gaban dangi saboda 'yarsa, ƙanensa ba shi da hujjar jin kunyar alli.

Binciken Balki kan yadda mutanen can ke tuna mamatansu ne. Ta ce idan shekara ta zagayo sukan jera abincin da mamaci yake so, su rusuna. Mu ba haka muke yi ba. Addu'a muke yi, mu ba da sadaka. Da Yaya ya ji, zai tambaya wa ke cinye abincin daga baya. Duk da haka bana, da ta zo hutu, ita ta ce sadakar ta zama furar gero mai kauri, irin wadda yake so.

Bai bar dukiya ba. Gona ce, da rumbu, da hular nan da ke rataye a ɗakin matarsa. Amma ranar sadakar, da Balki ta miƙa wa Gwaggo Kulu ƙwaryar fura, na ga tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan sunkuya. Ta ce, "Kamsa…" ta tsaya. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ke, cika mini. Nan ubanki ma ya tsaya."