Tukunyar Da Na Yanke A Motar Baba Sale

Ni bakanike ne a Gidan Rumji, kuma ba na yabon kai, hannuna ya iya walda. Baba Sale, direban hayis mai jigilar ƴan kasuwa zuwa Cadawa, shi ya kai ni gareji tun ina saurayi, a gidansa nake cin tuwo. Har na buɗe wurina bai taɓa kai motarsa wajen wani ba.

Motocin da ake kawo mana daga Turai suna zuwa da wata tukunya a jikin salansa, wato bututun hayaƙi. Dokar can ce ta tilasta a sa ta, don ta tace dafin hayaƙi kafin ya fita. Wani dillali ya raɗa mini cewa ana neman abin da ke cikinta ido rufe. Na fara da motocin da suka mutu. Daga nan na koma kan na masu kawo gyara: in yanke tukunyar, in liƙa guntun bututu, in shafa baƙin mai a kan waldar. Na ce a raina, hayaƙi ai sama yake tafiya, wa ya cutu?

Ranar da Baba Sale ya kawo tasa a gyara birki, na yanke tata ita ma. Ina sauri, waldar ba ta kama da kyau ba. Na ga tsagar, na ga kuma tsatsa ta huda ƙasan motar daidai kujerar baya. Na goge hannuna na miƙa masa makulli.

Bayan kwanaki ya dawo yana cewa fasinjojin baya suna kukan ciwon kai, wata mai tallar nono har ta yi amai. Na ce masa tsufa ne ya kama shi, su kuma matan nan yunwa ce. Har dariya na yi masa a gaban mutane. Da a ce na shiga ƙarƙashin motar, aikin minti kaɗan ne, amma ina tsoron ya leƙo ya ga abin da babu.

Ƴarsa Hajara ta yi haihuwar fari a Gangara. Bayan suna ya je ɗauko ta wankan gida. Maijego ba a bari iska ta buge ta, don haka gwaggonninta suka shimfiɗa mata a kujerar baya, suka rufe gilasai, suka toshe kowace kafa da zannuwa, su kuma suka zauna gaba. A hanya suka ji shiru, suna ta murna uwa da ɗa sun samu barci. Da suka iso gida Hajara ta farfaɗo da ƙyar. Jaririn bai farka ba.

Na je gaisuwa. Na zauna kan tabarma kusa da Baba Sale, na ce Allah ya sa mai ceto ne, aka kawo gumbar sadaka na ci.

Likita ne ya ce a duba motar. Bakaniken da ya shiga ƙarƙashinta ya gane waldata nan take, don tare muka koyi aiki. Jandarma suka same ni a gareji da tukwane a cikin buhu.

Na yi shekaruna a kaso, na fito da furfura. Ban sauka ko'ina ba sai ƙofar gidan Baba Sale. Ya daina tuƙi, yana zaune a zaure. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yahe mini.”

Ya ce, “Satar na yahe maka tun tuni. Amma ni na zo na hwaɗa maka kansu na ciwo, ka yi mini dariya. Tahi wajen Hajara, ɗanta ne.”

Na je. Ta aiko a ce mini ba ta da abin cewa.

Ku samarin gareji da masu shirin shiga, na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum. Idan dillali ya zo muku da maganar tukunya, ku kore shi. Idan direba ya ce ana jin hayaƙi a motarsa, ku ajiye komai ku shiga ƙarƙashinta. Ni ban shiga ba, kuma yaron nan kwana takwas ya yi a duniya.