Yatsun Tomekichi Mai Jera Haruffa

A unguwar Kanda ta birnin Tokyo, duk tsohon ma'aikacin ɗab'i ya san Nezu Tomekichi. Ɗan manoma ne da yunwa ta koro daga arewa, ya koyi jera haruffan dalma har ya kai ba ya ko duban akwatunan, yatsunsa kawai ke aiki. Karatunsa bai yi nisa ba, amma babu rubutun hannun da ke gagararsa. Masu wannan sana'a haka suke, ko marubuci ya ɓoye sunansa, su sun san hannunsa.

A zamanin ne malaman jami'a da 'yan jarida suka rungumi aƙidar gurguzu, hukuma kuwa ta tsane ta kamar me. Cikin masu kawo takardu a buga musu a ɓoye har da Malam Isogai, saurayi ɗan gidan manya, mai rubutu kamar an tsoma kiyashi a tawada an sake shi. Tomekichi kaɗai ke iya karanta shi. Rabin maganganun ma bai gane su ba. Abin da ya sani, wannan malami shi ke fara sunkuyar masa da kai, kuma ya taɓa zama sun sha taliya tare a kan benci ɗaya. Talaka dai ba ya da wuyar saye.

Wata safiya 'yan sanda suka banko ƙofar ɗakin ɗab'in. Suka kifar da akwatunan haruffa, suka fasa wa mai ɗakin baki da kulki, suka ja Tomekichi a ƙasa har bakin titi. A ofis, wani saje mai suna Tsuruoka ya shimfiɗa masa takardu biyar na rubutun hannun mutum biyar.

"Kai ka jera ƙasidar nan da ke zuga ma'aikata. Wanne ne hannun mai ita?"

Na uku ne. Tomekichi ya gane shi tun kafin a gama shimfiɗawa.

"Ranka ya daɗe, ni jahili ne. Duk ɗaya suke a idona."

"Jahili ko? To bari mu koya maka karatu."

Suka cusa masa fensura tsakanin yatsu, wani ƙato ya matse hannun har ƙashi ya yi ƙara. Suka durƙusar da shi a kan ice mai kaifi, suna dukan cinyoyinsa da takobin gora sai da fatar ta koma baƙa. In ya suma a watsa masa ruwa. Washegari a sake shimfiɗa takardun, a sake tambaya.

"Yau fa, shehun malami? Idon ya buɗe?"

"Bai buɗe ba, ranka ya daɗe."

Ya ji tsoro, ya yi kuka, ya kira uwarsa da ta daɗe da mutuwa. Amma duk sanda ya dubi takarda ta uku sai ya tuna wuyan Isogai, siriri, wanda ba zai ɗauki mari biyu ba. Kwana ashirin da tara ana haka, aka sako shi da yatsu bakwai a karye.

Yatsun ba su ƙara miƙewa ba. Shekara ashirin ya yi bayan haka yana sharar ɗakin da a da yake gwaninsa, tsintsiya maƙale a hammata. Isogai kuwa ya zama babban malami mai yawan almajirai. Tomekichi bai sake ambaton sunansa ba, matarsa Oshige ce ta riƙa ba da labarin ranar da ya dawo gida.

Ta ce tana gasa masa hannuwa da ruwan ɗumi, shi kuwa har da ɗan murmushinsa.

"Ban faɗa ba, Oshige. Ki aika a gaya wa Malam ya kwantar da hankalinsa."

Ta ci gaba da matse tsumma.

"Ke, magana nake yi."

"Maigida, Malam yana gidan ubansa. Shi ya kai kansa wurin 'yan sanda, ya ce shi ya rubuta, ya sa hannu a takardar tuba. Yini ɗaya ya yi, har shayi aka ba shi."

"To me suke ta tambayata?"

"Na je na roƙi sajen. Ya ce sun riga sun sani, taurin kanka suke son gani inda zai tsaya."

Sai Tomekichi ya tambaye ta:

"Yaushe ya kai kan nasa?"

"Kwana uku da kama ka."

Ya ɗaga hannuwan a hankali, ya juya su gaba da baya.

"A kwana na uku," ya ce, "biyu kawai suka karya."