Telan da Ya Kalmashe Yaga

Mai Guga tela ne, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba, don ko tsumman goge keke sai ya sha guga a hannunsa. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Ɗinkin kayan 'yan makaranta ke ciyar da gidansa, amma abin da ya ci masa zuciya daban ne. Tun yana saurayi yake mutuwar son finafinan jaruman nan masu tashi sama, masu jar alkyabba da takalmi mai sheƙi. Duk sanda sabon fim ya fito, masoya kan yi shigar jarumai su ɗunguma sinima, kuma shekara da shekaru kayan yawancinsu daga shagonsa suke fitowa.

Babbar mai sa kayansa ita ce 'yarsa, Auta. Tun tana tatata yake ɗinka mata alkyabba, ya saɓa ta a wuya su tafi. Har ta girma ta kama aiki a kantin magani ba ta taɓa zuwa sabon fim da ɗinkin wani ba. In an tambaye ta wa ya yi mata, sai ta ɗaga kai ta ce, "Babana."

Sai finafinan suka sake salo. Jarumai suka daina dariya, kayansu suka koma baƙi da toka-toka, duk a yayyage. Kullum a bencin mai aski gardamar ke nan, Mai Guga kuwa jijiyar wuyansa har tashi take.

"Wannan jarumi ne ko ɓarawon kaji? Fim kamar an ɗauke wuta, sai ka ƙanƙance ido kafin ka gane wa ke dukan wa!"

Ƙanin matarsa, wani makanike mai faɗin ƙirji, shi ke tare masa hanya. "Haba Yaya, wanda ya kwana yana dambe da mugaye zai fito da karin guga? Rayuwa ai datti gare ta."

"Kai dai gwano ba ya jin warin jikinsa," in ji Mai Guga.

Da a baki abin ya tsaya, da sauƙi. Makaniken nan, wanda ko maɓalli bai iya sawa ba, sai ya fara haɗa kayan jarumai a garejinsa da robar taya da tsofaffin bel ɗin kujerar mota. Ya goga su a ƙasa, ya shafe su da baƙin mai, samari kuwa suka yi masa caa. Mai Guga ya ga masu zuwa shagonsa suna raguwa, ya haɗiye. Amma ranar da Auta ta ajiye masa abinci ta tsaya tana murza yatsu, ya san akwai magana.

"Baba, wannan karon Kawu ne zai yi mini."

"To, Allah ya sa alheri," ya ce, bai ɗago daga keke ba.

An ce kishi kumallon mata ne, to ga shi ya kama ƙato mai furfura a gemu. Abinci ya daina masa daɗi. In ya bi ta gaban gareji ya jiyo dariyar Auta, sai ya ji kamar an soka masa allura. Matarsa ta gaji da tsakinsa ta ce, "Baban Auta, in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Ka yi irin nasu mana."

Ya yi kuwa. Ya sayo baƙin yadi mai kauri, ya yanka da awon Auta da ya haddace, ya ɗinka riga da alkyabba. Saura lalatawa. Ya daɗe riƙe da almakashi kamar wanda aka ce ya yanka ɗansa, sannan ya runtse ido ya tsaga kafaɗar dama. Da ya duba ya ga hagu lafiya lau, ransa bai kwanta ba, ya auna da tef ya tsaga ta daidai da 'yar uwarta. Ga zare kuma yana zazzagowa daga bakin yagar. Ina, tela ba ya iya kallon wannan! Ya zauna ya kalmashe bakin kowace yaga, ɗinki siriri, ya ɗiga tabo biyu a kan gwiwoyi, ya bi duka da guga.

Auta ta zo ta ɗaga rigar. Ta dubi yagar dama, ta dubi ta hagu, ta cije leɓe, dariyar dai sai da ta ƙwace. "Wayyo Baba, ai wannan aljihu ka yi wa kafaɗa!" Da ta ga fuskarsa sai ta ce wallahi rigar ta yi kyau. Wannan lallashin ya fi dariyar yi masa ciwo.

Kafin ta fita ta zaro kayan Kawu daga leda. Ta ce robar tana yanka mata hammata, har fatar ta yi ja, ko zai taimaka? Ya so ya ce ta mayar wa gwaninta. Amma ya ga jan fatar, ya karɓa. Ya sa wa abin shafi mai laushi daga ciki, yana yi yana tsine wa warin taya, bai taɓa ko ɗigon datti ɗaya na waje ba.

Ranar fim, ƙofar sinima ta cika maƙil. Auta ta fito baƙa wuluk, jama'a suka yi mata rumfa da wayoyi. Mai Guga na gefe cikin farar rigarsa mai kari.

"Kai, wa ya yi miki wannan?" wata budurwa ta tambaya.

"Kawuna," in ji Auta, ta jawo hannun makaniken, shi kuma sai washe baki yake.

Mai Guga ya jira ta ƙara kalma ɗaya. Ba ta ƙara ba, hayaniya ta riga ta ɗauke ta. Ya matso ya ce wa budurwar, "Ni ne babanta."

"Yauwa Baba, to ɗan ɗauke mu mana." Ta danƙa masa wayarta, ta shige gefen Auta.

Ya ɗaga wayar. Ga 'yarsa a tsakiya tana murmushi, ga hannun makanike mai baƙin mai a kafaɗarta. Mutumin da bai taɓa yanka yadi a karkace ba, ya matsar da wayar a hankali har ƙanin matar tasa ya fice daga hoton. Hannun ne kawai ya ƙi fita. Ya sake matsarwa, sai rabin fuskar Auta ya bi shi. Ya tsaya haka.

"Baba, ka ɗauka mana," in ji Auta.

Ya mayar da wayar daidai, su duka ukun suka shiga, ya danna.