Jinjina ga Anti Mai Wayoyi

Kullum da safe, kafin likitoci su fara zagaye, za ka ji ƙarar ɗan kekenta a barandar asibiti. Na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa take turowa, wayoyi na reto kamar kitson da aka fara tsefewa. Daga nan ta samo sunan Anti Mai Wayoyi. Idan ta shiga ɗakin masu dogon suma, sai ta yi wa mara lafiya sallama, ta nemi izininsa kafin ta taɓa masa kai. Sabbin ma'aikata kan ƙunshe dariya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Maigidanta malamin falsafa ne. 'Ya'yansu sun ce gardama ɗaya ce ke sa abinci hucewa a gidan. Ita ta ce hankalin mutum ga shi nan a layukan da na'ura ke zanawa. Shi ya ce layi bai san yadda ciwo yake a jikin mai jin sa ba. Da ta gaji, sai ta janyo shi da ɗalibansa zuwa ɗakin hutun ma'aikata, suka riƙa zama da likitocin ƙwaƙwalwa. A can wata ɗaliba ta tambaya: in mutum ba ya iya motsi, shirunsa ya isa hujjar cewa ba ya ji? Anti da babban likita suka ɗauki tambayar, suka mayar da ita gwaji.

Ni shaida ne. Yayana direba ne, ya yi hatsari, ya daɗe kwance ido buɗe, ba ya bin kowa da kallo. Matarsa ta daina yi masa magana, ta ce ji take kamar da bango take hira. Dangi har sun fara shawarar a mai da shi gida a daina wahala.

Anti ta manna masa wayoyi, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Direba, ga sitiyari a hannunka. Matse shi a ranka."

Ko yatsa bai motsa ba, amma layukan suka sauya. Ta ce ya saki, suka koma yadda suke. Likita ya hana mu murna sai da aka maimaita a ranaku daban-daban. Sannan Anti ta kama hannun matar yayana.

"Ƙanwata, ban ce miki zai tashi ba. Amma akwai alamar yana jin ki."

Matar ta ja kujera, ta fara ba shi labarin haƙorin autarsu da ya fita.

Yanzu yana gida. Hannu ɗaya bai dawo ba, magana sai a hankali. Ya ce kusan komai na lokacin ya ɓace masa, amma ranar da ya fara haɗa kalmomi, autar ya kira, ya ce ta buɗe baki ya ga giɓin.

Anti, ke ce kika haɗa masu tambaya da masu aunawa a teburi ɗaya, marasa lafiya suka ci riba. Gwarzuwa, muna alfahari da ke, mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji kekenta, duk wanda kuka tarar kwance shiru, kada ku yanke masa hukunci kafin ku tambaye shi.