Mutumin da Ya Nemi Hita a Watan Agusta

Ƙarfe takwas saura kwata Baba Osanai yake isa wurin duba motoci na garinmu, ya ɗauki 'yar gudumarsa mai doguwar ƙota, ya sauka ramin da ake duba ƙarƙashin mota. Noti ɗaya bayan ɗaya yake ƙwanƙwasawa, kunne a karkace. Shekara talatin da takwas ke nan, kuma ƙarshen Maris ɗin nan zai ajiye aiki. Mu makanikai mun zage shi a bayan idonsa iya zagi. Ni ne kan gaba, shi ya sa rubutun ban kwanan nan ya faɗo a kaina.

Dokar ba ta da wuyar ganewa: motar da aka sauya wa inji ba ta hawa titi sai an sake auna ta, an duba ta. Shekara uku da suka wuce, Inna Ebina mai gonar tuffa a kan tudu ta kawo mini tsohuwar a-kori-kurarta. Gidan man ƙauyensu ya rufe, ta gaji da tafiyar kilomita ashirin shan mai. Na cire injin, na sa na lantarki, na jera batura, na gyara birki, na cike takardu. Ina ta ji da kaina.

Ranar duba ta faɗo ƙarshen Agusta, rana tana dukan ƙeya. Baba Osanai ya gama da ƙarƙashin motar, ya shiga ya zauna, ya ce, "Kunna mini hita."

"Hita kuma, Baba? Gumi fa kuke yi."

"Kunna dai."

Iska ta fito, babu ɗumi ko kaɗan. A nan na gane kuskurena. Zafin tsohon injin ne yake kore tururi daga gilashin gaba, ni kuwa na fitar da shi tare da injin ban sa komai a madadinsa ba.

Inna Ebina ta matso kusa da Baba Osanai, ta kira shi da sunansa na yarinta. "Kiyoharu, benci ɗaya muka zauna a firamare. Jibi zan fara tsinka. Buga mini hatimin nan, zai gyara kafin sanyi."

"Fumie, ai na san ki. Idan na buga yau, ba za ki dawo ba. Da hannun riga za ki riƙa goge gilashi kina gangaro kwanar hanyar tudun nan da kaya."

"To ina ruwanka da hannun rigata?"

Ya rusuna mata, ya miƙo mini takardun babu hatimi.

Kwana goma sha biyu kafin kayan hita su iso. Tuffar farko ta nuna ta wuce lokacinta, rabi ta tafi masana'antar matse ruwan 'ya'yan itace. Inna Ebina ta yi kuka a garejina. Laifina ne tsantsa, amma kai, Baba Osanai, kai ta ɗora wa, kuma ba ka taɓa buɗe baki ka nuna ni ba. Wannan ya fi komai damuna.

A watan Disamba ta rage mini hanya daga kan tudu da sassafe, dusar ƙanƙara tana zuba. Numfashinmu ya rufe gilashi ruf, ta murɗa hita, ya washe kafin mu kai kwanar. Na leƙa kwarin da ke gefen titi. Babu abin da ya faru.

Kai ne mai aikin da idan ya yi kyau ba a ganin komai, Baba Osanai. Ba a rataya wa mutum lambar yabo don haɗarin da bai auku ba. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi cewa a'a ga wanda kuka sani tun yarinta, ku jure kallon da zai biyo baya.

Na gode, Baba. Na san har yau idan kun haɗu a kasuwa Inna Ebina kau da kai take yi. Bana ta cika saba'in da biyu, da kanta take tuƙo tuffarta, kuma tana da sauran ƙarfin yin fushi da kai.